Talata: fayilolin da suka iso guntaye

Yinin yau ya ƙare a kan wata 'yar manhaja da ke kwashe rahotanni tana ajiyewa a sabar ta NFS, wato wata kwamfuta da ke ajiye wa sauran kwamfutoci fayiloli ta hanyar sadarwa. Da safe aka kawo kuka cewa wasu fayiloli sun iso guntaye, alhali manhajar ta ce ta gama, har ta goge na asali. Gogewar nan ce ta fi ci mini rai, domin aikin mutane ne ya salwanta.

Da na bi shirin layi-layi, sai na tarar ana duba sakamakon kowane write (umarnin rubutu a fayil), amma close (umarnin rufe fayil) kiransa kawai ake yi a wuce. A NFS kuwa, idan write ya ce ya yi nasara, sau da yawa bayanan suna nan a ƙwaƙwalwar kwamfutarka, ba su kai sabar ba tukuna. Lokacin rufe fayil ne Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ke tura ragowar ya jira amsa, don wanda zai buɗe shi daga wata kwamfuta ya ga sabon rubutun. Idan faifan sabar ya cika, ko kason da aka ware maka ya ƙare, ko sabar ta kasa rubutawa, a nan saƙon kuskure na ENOSPC ko EDQUOT ko EIO, bi da bi, zai bayyana. Namu EDQUOT ne, wato kasonmu ne ya ƙare. Sabar ta faɗi gaskiya, ba a saurare ta ba ne.

Da rana abokin aikina ya kawo shawarar a sake kiran close idan ya gaza. Ban yarda ba. A Linux, lambar da aka bai wa fayil ɗin lokacin buɗe shi tana kuɓuta ko da an samu kuskure, kuma wani ɓangare na manhajar yana iya karɓar ta nan take, in ka sake kiran close ka rufe masa nasa fayil. Maimaita fsync, umarnin da ke tilasta a rubuta bayanai a faifai, ma ba abin dogaro ba ne: a 2018 masu manhajar adana bayanai ta PostgreSQL suka gano cewa kira na biyu yana iya cewa lafiya lau, alhali bayanan sun ɓace.

Yanzu manhajar tana rubutu a fayil na wucin gadi, ta kira fsync, ta rufe, ta duba sakamakon fsync da na close, sannan ta sauya masa suna. In ɗaya ya gaza, na asali yana nan, a sake rubutawa daga farko. Gobe sai shirye-shiryenmu da aka rubuta da harshen Go, inda defer, umarnin jinkirta kira zuwa ƙarshen aiki, ke haɗiye kuskuren rufewa.