Bakin allo: shawara ga matasan kafintoci

Yawancin kayan ɗakin da ake yi a garuruwanmu yanzu, daga wadirob zuwa kabad ɗin kicin da madubin amarya, da allon MDF (garin katako da aka matse da gam) ko filawud ake yin su, kuma kusan kowane shago hanya ɗaya ya sani ta rufe bakin allon, wato manna masa siririn tef na roba da gam ko da dutsen guga. Na daɗe ina yin haka, kuma yawancin kayan da aka dawo mini da su gyara, a bakin suka fara lalacewa. Gam ɗin da ke narkewa da zafi yana sakin jiki idan kabad ya zauna kusa da murhu ko a ɗakin kwano a watan Afrilu, kuma da zarar kusurwa ɗaya ta ɗaga, hannun yaro ko tsumman goge-goge zai ƙarasa ta. Saboda haka nake son ku san sauran hanyoyin, ku kuma san inda ni na yi tuntuɓe a kansu.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce liƙa wa bakin allon siririn katako na gaske, mai kaurin milimita 6 zuwa 10, na madaci ko malaina ko duk itacen da launinsa ya dace da aikin. Katako yana ɗaukar bugu, yana karɓar fenti da banish, ana iya zagaye bakinsa da rauta, wato injin sassaƙa bakin katako, kuma idan ya karce ana goge shi da sanfefa ya koma sabo. A yanka shi yadda faɗinsa zai fi kaurin allon da milimita 1 ko 2, a shafa farin gam irin su Top Bond a fuskokin biyu, a matse shi sosai, sannan bayan ya bushe a rage abin da ya yi saura har ya yi daidai da fuskar allon. Wanda ba shi da ƙarafunan matsewa yana iya ɗaure siririn katakon da salatif na takarda a jere kusa da kusa, yana ja da ƙarfi.

A nan ne na yi asarar da ta fi damuna. Na sayo katako a ƙarshen damina, na yanka na liƙa a makon, ban bari ya bushe ba, domin biki ya matso kuma iyayen amarya suna ta aike. Da hunturu ya shigo katakon ya tsuke, sai aka samu ɗan tudu da tsaga a duk inda ya haɗu da allon, fenti ya dare a kan layin, dole na je na kwaso ƙofofin na sake su da kuɗina. Itace yana tsukewa ne ta faɗinsa idan danshi ya fita daga jikinsa, allon MDF kuwa kusan ba ya motsi, don haka ɗanyen katako ba zai taɓa zama lafiya a jikinsa ba. Idan kun sayo katako a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko wata kasuwa, ku jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, ku kuma riƙa ajiye busasshe tun kafin aiki ya zo. Wani abin lura shi ne fatar saman filawud siririya ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai milimita 1 ba, kuma na sha cinye ta da sanfefa wajen daidaita baki har farin da ke cikin allon ya fito.

Ga kanta mai tsawo da za ta ɗauki littattafai ko tukwane, ku ƙara faɗin katakon gaba zuwa milimita 30 ko 40, ya sauko ƙasa da allon. Yana rufe bakin, yana kuma hana kantar lanƙwasawa a tsakiya.

Idan aikin na fenti ne, ana iya barin bakin MDF ba tare da an liƙa masa komai ba, amma sai an toshe shi. Fuskar allon a matse take, bakinsa kuwa yana shan ruwa kamar soso, kuma na taɓa zuba masa fenti shafi bayan shafi yana shanyewa, ya bushe da kaushi, launinsa ya bambanta da na fuskar. Abin da ya kamata shi ne a goge bakin da sanfefa mai lamba 180, a shafa masa farin gam da aka ɗan sirka da ruwa ko kuma bodi fila irin ta masu gyaran mota, a bari ya bushe, a sake gogewa da mai lamba 220, sannan a sa fentin share fage kafin na ƙarshe. A kashe kaifin kusurwar kaɗan, domin fenti ba ya kama kaifi, kuma daga nan yake fara ɓarewa. Ku rufe hanci da baki lokacin gugar, saboda ƙurar MDF laushi gare ta kuma akwai sinadarin gam a cikinta.

Kada ku manta da bakin da ido ba ya gani. Na sha gyara saman kabad da gefensa, in bar gindinsa tsirara a kan tayil, sai ruwan wanke ɗaki ya shiga, allon ya kumbura, kuma MDF da ya kumbura ba ya komawa. Ku toshe gindin kamar yadda kuka toshe gaba, ku ɗora kayan a kan ƙafafu ko ginshiƙin katako. A wurin wanke-wanke da teburin shago kuwa, inda ruwa da gogayya ba sa ƙarewa, bakin alminiyam mai rungume allon ya fi dacewa, muddin an sa silikon a ƙarƙashinsa domin ruwa kada ya kwanta a ciki.

Barin bakin filawud a fili, ana ganin layukansa ƙarƙashin banish, yana da kyau, kuma a Turai ana yawan yin sa da filawud mai inganci. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu yana da ramuka a tsakanin shimfiɗunsa, saboda haka ku duba bakin allon tun a wurin saye, kafin ku yi wa mai kaya alkawarin wannan salo. Ga ƙofofi kuma akwai tsohuwar dabarar da masu gidanmu suka koya mana: a haɗa firam na katako, a tsaga masa kwari a ciki, a zura allon a kwarin, bakinsa ya ɓoye gaba ɗaya.

Duk waɗannan sun fi tef cin lokaci da kuɗi, kuma mai kaya ba zai gane dalilin ƙarin farashin ba sai an nuna masa. Ni ina ajiye guntayen allo a shago, ɗaya da tef, ɗaya da bakin katako, ɗaya da fenti, in miƙa masa ya taɓa da hannunsa, sannan in tambaye shi inda za a ajiye kayan da kuma ko akwai ƙananan yara a gidan, kafin mu yi maganar kuɗi.