Sunan da kwamfuta ke raɗa wa kanta

A shagonmu na Kano babu aikin da ya fi yawa kamar sa Windows, musamman tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025. Jama'a sun ɗauka aikin bai wuce a soka filash a yi ta danna maɓalli ba. Ni kuwa inda nake jan lokaci shi ne wajen suna.

In ka shiga da asusun Microsoft tun a saitin farko, Windows za ta ciro haruffa biyar na farkon imel ɗinka ta mai da su sunan foldar da duk kayanka za su zauna. Mai imel da ya fara da "abdullahi" sai ya wayi gari "abdul", babu wanda ya tambaye shi. Canza shi daga baya sai an shiga rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta na ciki, kuma wasu manhajoji sukan ɓata hanyar fayilolinsu. Ita kanta na'urar, in ka tsallake tambayar sunan da za a sa mata, sai ta zama DESKTOP da wasu haruffa bakwai marasa kai. Ka je makaranta mai ɗaki cike da irin waɗannan ka nemo wadda firinta ke jikinta!

Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, kan haɗa sunanka da samfurin kwamfutar, Mac ta kamfanin Apple kuma takan ɗauki sunan mai ita, kuma wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai yana iya ganin sunan. Wata hajiya mai harkar atamfa ta zo a fusace don an ga sunanta a otal. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na'urar ce ke shelar sunanki." Ta ce, "To, ɗana, me ya hana ta gaya min tun farko?" Gaskiyarta. Layi biyu na gargaɗi a allo sun isa: wannan suna wasu za su gan shi, wancan kuma zai yi wuyar canzawa. Kamfanonin da ke cika allo da tallar kayansu lokacin saiti ba su rasa wurin sa wannan gargaɗi ba.

Maigidan da ya koya min aiki, a zamanin faifan Windows XP, ba ya barin mu taɓa kibod sai mun rubuta sunan a littafi. Shi ya nuna min kada sunan na'ura ya wuce haruffa 15, kada a bar fili a tsakiya, kuma a ajiye ƙ da ɗ da ɓ gefe, don tsoffin manhajoji na shaƙewa da su. Ɗanladi sai ya koma Danladi a folda, amma a fuskar allo mu rubuta masa shi daidai da lanƙwasarsa. Har yau haka yarana ke yi.

Abin da ke ci min rai shi ne masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Kwafin Windows ɗaya suke zuba wa kowa, kowace kwamfuta "User" ko "Admin", suna iri ɗaya. Ranar da biyu suka haɗu a ofis ɗaya sai su yi karo, raba fayil ya gagara. Sannan mai kaya ya zo yana ce min can gaba ya fi araha! Haka ne, amma can gaba ba a zaunar da kai a tambaye ka wa zai yi amfani da ita, a gida ko a ofis. Mu sai mun buɗe asusun da sunan da ka zaɓa, sannan mu haɗa imel ɗinka daga baya, mu manna takardar sunan a ƙasan laftof kafin mu miƙa maka.