Jan ɗigo a kan taswira

A shagona akwai wani faffaɗan tebur da ba a yarda kowa ya ɗora kofin shayi a kansa. Teburin taswira ne. Duk wanda ya zo hayar kwale-kwale, kafin in miƙa masa filafili sai mun zauna a nan na rabin awa ko fiye, ni da fensir a hannu, shi kuwa yana ta duba agogo.

Shagon yana Ely, wani ɗan gari a arewacin jihar Minesota ta Amurka, dab da iyakar Kanada. Karatu ne ya kawo ni ƙasar, neman na kashewa lokacin hutu ya kawo ni garin. Na fara da wankin tantuna da ɗaure kwale-kwale a saman mota a wurin wani dattijo, har Allah ya sa na tsaya da ƙafata. Yanzu ina da kwale-kwale 14. Ni da uwargida ne, sai ɗalibai biyu da muke ɗauka idan kasuwa ta buɗe.

Abincinmu gaba ɗaya daga daji guda yake fitowa, wanda ake kira Boundary Waters. Faɗinsa ya haura eka miliyan ɗaya, tafkunansa sun fi 1,000, kuma dokokin da aka kafa a 1964 da 1978 ne suke kare shi. Babu titi a ciki, babu allon da zai ce maka bi nan, yawancin tafkunan an hana jirgi mai inji, waya kuma da ka yi nisa kaɗan ta zama tocila. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba sai da takardar izini ake shiga kwana, kuma ayari ba ya wuce mutum 9 da kwale-kwale 4.

Abin da baƙi suka fi kasa ganewa shi ne maganar wurin kwana. Takardar izini mashiga da ranar shiga kawai take ba ka, shi ke nan. Zango kuwa na wanda ya riga isa ne. Kuma ba ko'ina ake kafa tanti ba, sai inda hukumar gandun daji ta ware, wurare sama da 2,000. Shaidar kowanne abu biyu ne: murhun ƙarfe da aka kafe a ƙasa, da masai can cikin itatuwa. Idan ka tsallaka zuwa dajin Quetico a ɓangaren Kanada babu wannan tsari, amma a namu ɓangaren in babu murhu to ba zango ba ne, komai kyan wurin. A kan taswirorin da muke sayarwa, na Fisher da na McKenzie, kowane zango jan ɗigo ne a bakin ruwa.

To jan ɗigo duk iri ɗaya ne a takarda. Wanda ke kan dutse mai shan iska, da wanda ke gindin fadama inda sauro ke taron biki a watan Yuni, girmansu ɗaya launinsu ɗaya. Ɗigon ba zai faɗa maka tanti nawa wurin zai ɗauka ba. Akwai zangon da fili ɗaya tak yake da shi mai daidai, sauran duk gangare da saiwa, ka tura mutum takwas can ka ga yadda za su dawo suna hararar juna. Ba zai faɗa maka yadda bakin ruwan yake ba, ko yashi ne da yaro zai iya taka, ko santsin dutse ne da zai tsage mini cikin kwale-kwalen Kevlar, irin marar nauyin nan, da na saya da tsada. Sannan akwai maganar beyar, wani ƙaton baƙin naman daji, wanda ya san ƙamshin abincin matafiya sarai. Buhun abinci sai an rataye shi ƙafa 12 daga ƙasa, ƙafa 6 daga jikin itace, don haka zangon da ba shi da itace mai reshen kirki sai na gaya wa mutum ya ɗauki gangar da beyar ba ya iya buɗewa.

Duk wannan yana cikin wani tsohon littafi da nake ajiyewa a aljihun tebur. Kowane ayari da ya dawo, kafin su tafi wanka sai na tare su: ina kuka kwana, tanti nawa kuka kafa, iska ta ina ta buge ku, masai ya cika ko da saura? Abin da suka faɗa sai in rubuta da kwanan wata. A nan iska ta fi kaɗawa daga yamma, kuma da rana ta take ta fi ƙarfi. Zangon da ke fuskantar yamma yana korar sauro kuma ana kallon faɗuwar rana, amma ranar da iska ta tashi fita daga cikinsa aiki ne. Idan 'yan'uwanmu Somaliyawa suka zo daga Minneapolis nakan ƙara musu wani abu da babu a littafin kowa: inda akwai shimfiɗaɗɗen dutse da za a yi jam'i. Nakan kuma ja musu kibiya a gefen taswira, don alƙibla a nan arewa maso gabas take, abin da ni kaina sai da na yi gardama a kansa shekarar da na zo.

Tsakanin tafki da tafki akwai hanyar dako, inda za ka kifa kwale-kwale a kafaɗa ka taka da ƙafa. Ana auna ta da wani awo da suke kira rod, ƙafa 16 da rabi, kusan tsawon kwale-kwale guda, 320 ke yin mil ɗaya. Sabon shiga yakan ga 80 a takarda ya ce ai kusa ne. Bai san zai yi sawu biyu ba, wato tafiya uku, ya kai ya dawo ya sake kaiwa, kuma lambar ba ta ambaci taɓo ko hawa.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai na yi shi ne a shekarata ta biyu. Wani magidanci ya zo da iyalinsa da na ƙaninsa, su takwas har da ƙananan yara. Na zana musu da'ira a kan wani zango a tsibiri da na taɓa kwana, na yi ta zuba masa kirari. Ban tuntuɓi ofishin gandun daji ba, ashe an rufe wurin don ƙasarsa ta farfaɗo, an cire murhun. Sun isa da la'asar sakaliya suka tarar wayam. Zango biyu na gaba duk da mutane. Sai da duhu ya fara suka samu wani a bakin fadama, yara suna kuka, sauro na shagali. Da suka dawo mutumin bai ɗaga murya ba, ya dai shimfiɗa taswirar ya ɗora yatsa a kan da'irata. Na mayar masa da kuɗin kwana ɗaya. Da dare uwargida ta ce, "Maigida, ai laifinka ba rufewar ba ce, da ka ba su guda ɗaya ne." Tun daga ranar ba na barin kowa ya fita sai da zango uku a kowane dare, na ɗaya, na biyu, da na in-babu-yadda-za-a-yi, kuma ina nanata musu su nemi masauki kafin ƙarfe biyu na rana, musamman a tafkunan kusa da mashiga irin su Lake One da Lake Two, inda ake rububi a Yuli da Agusta.

Dajin ma ba ya zama yadda aka buga shi. Guguwar 4 ga Yuli 1999 ta kwantar da miliyoyin itatuwa. Gobarar Pagami Creek, wadda tsawa ta kunna a Agustan 2011, ta cinye eka kusan 93,000, ta bi ta kudancin tafkin Insula. Ɗigon yana nan ja a takarda, amma inuwar ta tafi, sai ƙananan itatuwa da suka tsiro daga baya. Wasu matafiya ma can suke so, saboda 'ya'yan itacen daji da ke yawa a inda wuta ta ci. Shi ya sa nake rubutu da fensir, ban taɓa sa biro a taswirar tebur ba.

Jiya wasu samari biyu suka zo, ɗayansu ya nuna mini wayarsa, ya ce duk zangunan suna ciki har da taurarin da mutane suka ba su. Na ce madalla, na tambaye shi kwana nawa batirinsa ke yi. Ya yi shiru. Na jawo masa kujera, na feƙe fensir, na ce ya nuna mini arewa tukuna.