Na je Riyad gaida Kawu, ya kai ni kwarin da suka yashe

Daga Jidda na hau bas bayan sallar isha'i, muka bi ta Ɗa'if, hanyar nan ta kusa kilomita dubu, tun ina kallon fitilu har barci ya kwashe ni, sai da hantsi muka shiga Riyad. Kawu ne ya zo ɗauka ta shi da ɗansa da ke karatun injiniya a Jami'ar Sarki Sa'ud. Ni dai gaisuwa ta kawo ni don ya yi fama da ƙafa, amma washegari da la'asar ya ce ɗana saka takalminka, akwai inda nake so ka gani.

Wadi Hanifa muka je, kwarin da ya ratsa yammacin birnin ya wuce ta Dir'iyya, tsawonsa wajen kilomita 120. Wallahi da muka gangara ban zaci a Riyad nake ba, ga ruwa na gudu ga inuwa, iyalai sun shimfiɗa darduma ana shan gahawa da dabino, yara na ta guje-guje. Kawu ya daɗe bai ce komai ba, can ya nuna min wani gefen dutse da aka yanke kamar da wuƙa ya ce ka ga can, da tifa ta na sha kwasar ƙasa da tsakuwa, lokacin ana gina birnin nan kowa haƙa yake, in an gama a bar rami, masu shara su zo su cika shi da ɓaraguzan gini da tayoyi, ga ruwan kwata yana kwantawa, ko akuya ba ta son wurin.

A 2001 aka fito da tsarin gyaran, aka buɗe a 2010, a shekarar ma aikin ya ci lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan. Abin da ya fi kama min hankali shi ne ba da dashe suka fara ba. Sai da suka kwashe sharar, suka gyara wa ruwa hanya, suka jera duwatsu su rage masa gudu don ya samu ya shiga ƙasa, sannan aka kawo itace, kuma itacen ma na gida, kurna wadda Larabawa ke ce wa sidir da ƙayoyi dangin bagaruwa, waɗanda suka san ƙishin wurin. Ruwan da ke fitowa daga gari kuwa akwai inda yake bi ta wasu gurabe na dutse ana hura masa iska, ƙananan halittu da kifi su cinye dattin, ba a zuba magani.

Ɗan Kawu ne ya kawo maganar Estoniya, wata ƙasa a Turai, ya ce Yaya ai wannan da sauƙi, can tun 1916 suke haƙar wani dutse mai mai a jikinsa, a ƙona shi a samu lantarki ko a dafa a tatsi man, in sun buɗe ƙasa sai su bar tsaunukan tsakuwa zalla. Daga 1960 suka fara baje su suna dasa bishiyoyin nan masu ganye kamar allura, yau daji ne, har mahaƙar Aidu da aka rufe a 2012 ana tseren kwalekwale a ruwanta.

Ni kuwa tunanina gida ya tafi, ramukan kuza na Jos da ke cin mutane da shanu har yanzu, da kududdufan da muke haƙa a bayan gari don bulo mu juya baya. Abin ya tsaya min a rai sosai, don kurnar nan da suke lallaɓawa mu a gona muke sare ta mu yi gawayi.

Da aka kira magariba Kawu ya dogara sandarsa ya je gindin wata kurna ya tsinto 'ya'yan da suka faɗo, ya goge a riga ya miƙo min, ya ce ci ɗana, nan daidai nake juya tifa. Na ci uku, sauran na ƙulle a hankici zan kai wa Inna ta gwada a bayan gida in Allah ya kai mu damina.