Godiya ga duk wanda ya tsaya wa 'yarmu a gasar tanis ta Monastir

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. A madadin maigidana da ni kaina da ɗaukacin danginmu a nan Garwa, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki, bisa dawowar 'yarmu gida lafiya daga Tunusiya, inda ita da abokiyar wasanta suka kai wasan kusa da na ƙarshe a ɓangaren mata 'yan bibbiyu na gasar tanis da aka yi a birnin Monastir.

Da yawa daga cikin masu zuwa yi mana barka sun ɗauka irin manyan gasannin nan ne da ake nunawa a talabijin, don haka ya kamata in fayyace. Wannan gasa tana matakin farko ne na wasan ƙwararru a ƙarƙashin hukumar tanis ta duniya, ITF, matakin da ake kira W15 saboda duka kuɗin kyautarsa dala 15,000 ne, kuma a cikinsu ake sallamar masu buga ɗaiɗai da masu buga bibbiyu baki ɗaya. Abin da ke faɗowa 'yan bibbiyu kaɗan ne, shi ma sai an raba shi gida biyu, alhali kuɗin jirgi da masauki da abinci da gyaran raket duk a wuyan 'yar wasa suke. Abin da ake nema a can shi ne makin shiga jadawalin 'yan wasan duniya, wanda sai da shi ake samun gurbi a gasar da ta fi wannan.

Shi ya sa godiyata ta farko take ga matan adashenmu, waɗanda suka amince aka ba ni kwasa tun kafin layina ya zo, ba tare da ko ɗaya ta ɓata rai ba. Yaya babba, ke da kika fara kawo wannan shawara a zamanmu, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ina gode wa Baffanta da ya cika mana kuɗin tikiti, da Kawunta da ya bar shagonsa ya raka ta a mota har Ngaundere, ya kwana da ita a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, bai juyo ba sai da ya ga tashin jirginsu.

Jarrabawar da ta fi tayar mana da hankali ta zo ne bayan saukarta, domin yarinyar da suka yi alkawarin haɗa gwiwa da ita ta gurɗe ƙafa a wajen atisaye, ga lokacin rubuta sunaye yana neman ƙurewa, kuma ba a karɓar sunan mutum shi kaɗai. A nan Allah Ya haɗa ta da wata 'yar Tunusiya da ba ta taɓa ganinta ba, wadda ta fi ta matsayi kuma tana iya samun wadda ta fi 'yarmu gogewa, amma ta ce ta yarda. Wanda bai san wasan bibbiyu ba ba zai gane girman wannan yarda ba. Filin ya fi na ɗaiɗai faɗi, mita 10.97 maimakon 8.23, kuma wadda ke tsaye gaban raga tana ɓoye hannu a bayanta ta nuna wa mai bugun farko da yatsa ko za ta tsallaka ko za ta tsaya, ba tare da ta waiwayo ba. Idan maki ya kai 40 da 40, bugu ɗaya tak ke yanke hukunci, idan kuma kowane ɓangare ya ci turmi guda, sai a raba gardama da tseren maki 10. Kuskuren ɗaya na iya kayar da su duka biyun. 'Yarmu ta gaya mini cewa a wasansu na farko ta zubar da ƙwallo mai sauƙi a cikin raga a daidai irin wannan gaɓa, amma yarinyar nan ta taho ta tafa hannunta, ta ce mata su fuskanci na gaba. 'Yata, duk inda kike, na ɗauke ki tamkar wadda na haifa, kuma ki miƙa gaisuwata ga mahaifiyarki da ta riƙa kawo musu abinci daga gida.

Malam, kai da ka koya mata riƙon raket tun tana ƙarama, kana fitowa da ita da sauran yaran bayan sallar asuba kafin zafin Garwa ya sauko, kana tattara ƙwallayen da gashinsu ya suɗe don kada atisaye ya tsaya, wannan nasara taka ce. Kai ne ka riƙa tuna musu cewa a Yawunde shahararren ɗan wasan tanis na Amurka Arthur Ashe ya hango Yannick Noah yana yaro a 1971, har Noah ya zo ya ɗauki kofin babbar gasar Faransa ta Roland Garros a 1983, kuma Ons Jabeur ta Tunusiya da ta kai wasan ƙarshe na babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 2022 da 2023 ita ma ta bi ta irin waɗannan ƙananan gasanni.

Ban manta da maƙwabcinmu ba, wanda ya kunna mana janareta ranar da wuta ta ɗauke, muka taru a zaure muna kallon lambobi na sauyawa a fuskar waya, domin sakamakon kawai muke iya bi ta intanet.

Na san akwai waɗanda suka ga bai dace a bar 'ya mace ta yi irin wannan tafiya ba, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba, domin na san kishin mutuncinta ne ya sa suka yi magana. Ina dai tabbatar musu cewa da dogon wando da ɗankwalinta ta buga kowane wasa, kuma ba ta bar sallarta ba.

Yanzu tana gida tana jinyar kafaɗa, ƙofarmu kuma a buɗe take ga masu son gaishe ta bayan la'asar. Duk wanda ke da tsohon raket ko takalmin wasa da ba ya amfani da shi, muna roƙon ya kawo, domin akwai ƙananan 'yan mata a wajen Malam da ke jiran layi kafin raket ɗaya ya zagayo kansu. Allah Ya saka wa kowa da alheri, amin.