Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kaset ɗin Gida

Makon jiya na tsaya a inda Baba Tela ya karɓe ni a shagonsa na Tudun Wada a Zariya cikin 1991, bayan na baro Damagaram ta Kwangwalam da Daura. Da farko baƙunta ba ta dame ni ba. Hausa ce dai, ko da yake zazzaganci ya riƙa ɗaure mini kai, don sai ka ji an ce wa mace "ya zo". Tuwo ma tuwo ne. Kewar gida ta kunne ta shige ni.

Rediyon shagon kullum tana Kaduna. Shata da kalangunsa, Ɗan Maraya da kuntiginsa, ana taka keke ana kaɗa kai. Allah ya sani ban raina su ba, manya ne. Amma ni da muryar Ma'azu Ɗan Alalo na tashi, da gangunan ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla, da waƙoƙin samariya na zamanin Shugaba Kunce na Nijar waɗanda muke rerawa a dandali har dare ya raba. Babu mai sa waɗannan a Zariya. Idan an rufe shago sai in ɗauki rediyon in koma gajeren zango, ina laluben Muryar Sahel ta Yamai. Wata rana ta kamu, ta yi minti biyu, iska ta kwashe ta, a bar ni da shuuu a kunne.

Haka na zauna shekara uku. A 1994 wani direba ɗan Maraɗi ya sauke kaya a kasuwar Sabon Gari, ya biyo ta shagonmu a gyara masa aljihun riga. Da jin Hausata ya ce, "Ƙanena, kai na gida ne." Ya koma mota ya ɗauko kaset, ko kwali babu, ya ce in riƙe. Fuska ɗaya Ɗan Alalo, ɗaya fuskar Sa'adu Bori.

Da na sa shi, ganga na bugawa sai ƙafata ta tsaya a kan keke. Na ga ƙofar gidanmu a Birni, na ga innata tana tankaɗe tana bin amshi a hankali don kada babanmu ya ji. Ban san hawaye na zuba a kan shaddar mutane ba sai da Baba Tela ya ce, "Kai yaro, lafiya?"

Na ce, "Baba, kiɗan garinmu ne."

Ya yi shiru har waƙar ta ƙare, sannan ya ce a mayar da ita farko. Daga ranar, duk Juma'a bayan an sauko masallaci, rediyon Kaduna hutawa take yi, kaset ɗina ake sawa. Sau uku zarensa yana tsinkewa, ina liƙe shi da jan farce in naɗe da biro. Har yau in na ji waƙar a waya, kunnena yana jiran wurin da muryar ke tsallake baiti.

Ranar da labari ya iso a 2008 cewa Sa'adu Bori ya rasu a haɗarin mota, na buɗe akwati na ciro kaset ɗin, na zaga Tudun Wada ina neman mai rikoda da zan ara.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin komawata Damagaram ta farko.