Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har rubutun Malam ya fito a kan allo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi taron iyayen yara ranar Asabar an tashi lafiya, kuma manhajar koyon karatu da na shafe wata bakwai ina haɗa wa makarantar unguwarmu ta buɗe a gaban jama'a yadda ake so. Da yawa sun yi mini barka a filin taro, wasu kuma ta waya. Na amsa, amma raina bai kwanta ba, domin ni na san abin da ya faru daga Talata zuwa asubahin Juma'a, na kuma san ba ƙarfina ne ya fitar da ni ba. Shi ya sa nake wannan godiya a bainar jama'a. Ba zan kama sunan kowa ba, tun da biyu daga cikinsu sun roƙe ni kada in yi, amma kowa zai gane kansa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, idan ka taɓa alamar manhaja a waya, akwai wani shafi da yake fara bayyana na ɗan lokaci kafin ita manhajar ta gama tashi. Shafin buɗewa muke ce masa. Yawancin mutane ba su ma lura da shi. A tamu, abin da aka ɗora a kansa shi ne sunan makarantar da ajami, da hannun marigayi Malam, wanda ya kafa ta a zauren gidansa. Shugaban makaranta na yanzu ne ya samo rubutun a bangon wani tsohon littafin rajista. Tawadar ta koma ja-ja saboda daɗewa, kuma akwai wurin da alƙalami ya ɗiga a ƙasan harafin ƙarshe. Na ɗauke shi hoto da waya, ban goge ko ɗigon ba. An kuma tsara cewa Hajiya, matar marigayi, ita ce za ta fara taɓa manhajar ranar taro.

A wayata ta iPhone komai daidai yake tun watanni. Makaranta kuwa iPad take da su, guda 12, wani tsohon ɗalibi ya kawo kyauta. Ranar Talata na je da kwamfuta na ɗora manhajar a kan ta farko, na taɓa, sai allo ya fito fari fat. Babu rubutu, babu komai. Da yake na'urorin sun kwana biyu, sai an yi daƙiƙa uku ko huɗu a haka kafin darasi ya fito. Wata yarinya 'yar aji uku da ke leƙe ta bayana ta ce, "Malam, ta lalace." Na gwada ta biyu, na gwada ta uku, duk haka.

Abin da ya sa wannan matsala take da cin rai shi ne, a lokacin da shafin buɗewa yake bayyana, ko layi ɗaya na abin da ka rubuta bai fara aiki ba. Tsarin na'urar ne da kansa yake zana shafin, ya ɗauke shi hoto, ya ajiye, ya riƙa nuna shi duk sanda aka buɗe. Saboda haka duk dabarun da muka saba kama kuskure da su ba su da amfani a nan. Babu saƙon gargaɗi a Xcode, manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin iPhone da iPad da ita, aiki ya haɗu lafiya, hoton yana nan ana ganinsa a kwamfuta, amma a na'ura babu shi.

Daren Talata gaba ɗaya na kashe shi ina bin shawarwarin intanet, sai daga baya na gane yawancinsu zancen wani zamani suke yi. Lokacin da iPad ta fara fitowa a 2010, hoto ake yankawa daidai girman allo, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, a sa masu suna Default-Portrait.png da Default-Landscape.png. A 2014, da zuwan iOS 8, wato sabon tsarin da ke tafiyar da iPhone da iPad a lokacin, aka kawo hanyar zana shafin sau ɗaya ya riƙa daidaita kansa da kowane allo, a 2020 kuma aka daina karɓar sababbin manhajoji masu tsohon salo. Ni kuwa ina ta yanka hotuna ina canja masu suna bisa rubutun da aka yi fiye da shekara goma da suka wuce.

Godiyata ta farko ga abokina ne da ke Zariya, wanda muka zauna aji ɗaya da shi a jami'a. Na tura masa saƙo ranar Laraba da rana, bayan sallar isha'i ya kira ni ta bidiyo, ɗansa ƙarami yana barci a kafaɗarsa. Bai tsaya dogon zance ba. Ya ce, "Buɗe mini ma'ajiyar hotunan, danna hoton, ka juya waya in ga gefen dama." Da na juya sai ya ce in tsaya. A jerin na'urorin da hoton zai yi wa aiki, iPhone kaɗai na zaɓa. Gurabenta uku na cike su, na iPad kuwa ban ma buɗe su ba, domin lokacin da na fara aikin ban san makaranta za ta samu waɗannan na'urori ba. Ya sa na mayar da shi Universal, wato na kowa da kowa. Ya kuma sa na duba sunan hoton harafi bayan harafi, saboda na'urar tana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, ita kuwa kwamfutar Mac a yadda take zuwa ba ta bambantawa, sai abu ya yi aiki a wurin gwaji ya ƙi yi a hannun mai shi. Nan babu matsala. Abokina, Allah ya raya maka yaron nan, ya sa ka ci moriyarsa.

Daga nan ne na ƙulla wa kaina matsala ta biyu da hannuna. Na ce tun da allon iPad babba ne, bari in sa ainihin hoton yadda na ɗauko shi, kada rubutun Malam ya dushe. Na sa, na ɗora, na taɓa. Fari fat.

Alhamis ita ce ranar da ta fi tsawo. Na share abin da Xcode ya tara, na goge DerivedData, wato ma'ajiyar da yake tara tarkacen aiki, na cire manhajar na mayar, na canja wa hoton suna har sau huɗu. Da la'asar aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata kuwa ba ya kai minti arba'in. A nan maƙwabcina mai shagon cajin waya ya shigo labarin. Ya gan ni tsaye a ƙofar gida da jaka, ya tambaya, na gaya masa a taƙaice. Ya ce, "Shigo ciki mana, sola ce." Ya ture wayoyin mutane gefe, ya ba ni kujerarsa shi ya hau benci. Shagon da yake rufewa ƙarfe goma, sai da muka kai uku na dare. Ya aika yaronsa wurin mai shayi sau biyu, kuma da na ciro kuɗi daga baya sai da ransa ya ɓaci. Bai san abin da nake yi ba, amma duk sanda na taɓa allon sai ya miƙo wuya ya duba tare da ni. Maƙwabci, Allah ya buɗa maka kasuwa, ya tsare maka dukiyar mutane da ke hannunka.

Wajen sha ɗaya na dare na rubuta halin da nake ciki a zaurenmu na WhatsApp na masu haɗa manhaja da Hausa. Ban sa ran amsa ba. Sai ga wata 'yar'uwa daga Kumasi, 'yar zango, wadda ban taɓa gani ba, ta ce ita wurinsu goma ce ta yi, tana da lokaci. Tambayar da ta fara yi mini ita ce ko na saurari abin da na'urar take faɗa. Na ce ai babu saƙon kuskure. Ta ce, "Ɗan'uwa, akwai, ba dai a inda kake dubawa ba." Ta sa na haɗa iPad da kwamfuta da igiya, na buɗe Console, manhajar Mac da ke nuna saƙonnin da na'ura take fitarwa a bayan fage, na rubuta kalmar splashboard a wurin bincike don a tace sauran hayaniya, sannan na taɓa manhajar. Layuka suka zubo. A cikinsu akwai wanda yake cewa girman da aka ƙiyasta wa shafin ya haura iyaka, ga iyakar an rubuta: 25000000. Wannan adadin bait ne, ma'aunin nauyin fayil, wato megabait 25 ke nan.

Na yi mata musu, na ce fayil ɗin ko megabait 3 bai cika ba. Bayanin da ta yi mini ba zan manta da shi ba. Ta ce tabarma a naɗe daban, a shimfiɗe daban, kuma ɗaki shimfiɗaɗɗiya yake aunawa. Hoto a ajiye a matse yake, amma kafin a zana shi a allo sai an warware shi, kowane fiksil, wato ƙaramin ɗigon hoto, ya ci bait 4. Ta ce in duba faɗi da tsawo. Hoton kyamarar waya ne, 4032 da 3024. Muka buga lissafi tare: fiksil 12,192,768, sau huɗu, ya ba da bait 48,771,072. Kusan ninki biyu na abin da aka yarda. Da na'urar ta ga haka sai ta haƙura da hoton ta bar allo fari.

Na yanke gefen littafin da tebur ɗin da suka shigo hoton, na bar rubutun kawai, na rage shi zuwa 1200 da 600. A sabon lissafi bai kai bait miliyan 3 ba, kuma ko ɗigon alƙalamin yana nan raɗau. Na ɗora, na taɓa. Har yanzu fari. A wannan lokacin na kifa kaina a kan tebur, maƙwabcina ya dafa ni ya ce in yi salati. Ita kuwa ta rubuto cewa kada in sake taɓa komai, gyara ya yi, na'urar ce take riƙe da tsohon hoton shafin da ta ajiye don buɗewa ta riƙa sauri. Ta ce in cire manhajar, in kashe iPad ɗin gaba ɗaya, ba rufe allo ba, in kunna, sannan in ɗora. Da safe ma na yi ta kashewa da kunnawa, amma a lokacin hoton ya yi nauyi, ko sau ɗari na kashe ba zai fito ba. Wannan karon na bi maganarta daki-daki. Uku saura kwata na dare, na taɓa alamar, sai ga hannun Malam a tsakiyar allo. Maƙwabcina ya yi kabbara har yaronsa da ke barci a ƙasa ya farka.

'Yar'uwa, kin zauna da baƙo har kusan biyu na dare a agogonku, kin yi haƙuri da musuna, ba ki karɓi ko sisi ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanki. Na yi alkawari a zauren cewa zan rubuta matakan nan da Hausa, kuma zan cika, domin a ganina bai kamata wani ɗanmu ya sake kwana uku a kan abin da layi ɗaya na Console yake faɗa ƙarara ba. Na kuma ɗauki darasi a kan jinkirin da na yi: tun ranar da iPad ɗin suka iso ya kamata in karɓi ɗaya in gwada.

Shugaban makaranta shi ne ya amince na tafi da na'urar makaranta gida kwana uku ba tare da takarda ba. Ranar Alhamis da na kira shi murya tana rawa, cewa ya yi, "Kada ka damu kanka, in ta ƙi sai mu ɗauko littafin mu nuna wa Hajiya." Wannan magana ta sauke mini kaya mai nauyi. Allah ya ƙara girma, Malam. Malamai biyu mata sun zauna da ni bayan an sauko daga Juma'a, muka bi sauran goma sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya: a cire, a kashe, a kunna, a ɗora, a duba a tsaye, a duba a kwance. Ɗayarsu ta koma gida ta kawo igiyar cajinta saboda tawa ta fara yankewa. Baba mai gadi ya jira mu har bayan magariba kafin ya kulle ƙofa. Allah ya biya ku.

Uwargida kuwa, kwana uku tana kai mini abinci ya huce tana sake ɗumamawa, tana kore mini yara da lallashi, kuma da na shigo gab da kiran assalatu ranar Juma'a na tarar ba ta runtsa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ya fito?" Allah ya bar mu tare, ya shirya mana zuri'a.

Ranar Asabar aka kawo wa Hajiya iPad a kan faranti da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Ta sa tabarau, jikarta ta kama mata yatsa ta ɗora a kan alamar. Rubutun ya fito, ya tsaya daƙiƙa uku, darasi ya rufe shi. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan ai hannun Malam ne. Mayar mini da shi." Na rufe manhajar gaba ɗaya na sake buɗewa. Sau uku tana sa ni, a na uku ta kai yatsa kan ɗigon nan na ƙasa, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Filin ya yi tsit, sai liman ya ɗaga hannu aka yi wa marigayi addu'a.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa karatun yaran nan ya zame masa sadaka mai gudana. Malama, igiyarki tana wurina, zan kawo miki ranar Litinin in Allah ya kai mu, tare da hoton da Hajiya ta ce a wanke mata babba ta rataye a ɗaki.